Daƙiƙa 22 Tsakanin Layi da Ƙasa: Yadda Muka Bi Sawun Jirgin Kayan da Ya Faɗi a Birmingham

Idan hazon hunturu ya sauko Zariya, ɗalibin tuƙin jirgi zaman aji zai yi, ko yana so ko ba ya so. Sai ka tsaya a gefen titin jirgi na kwalejinmu da ke Palladan ka kasa hango ƙarshensa. Ƙananan jiragen da muke koyo da su a ɗaure suke, an toshe musu kafofi saboda ƙura. A irin wannan lokaci ne ajinmu ya kai matakin da ake koya wa mutum sauka ba tare da yana ganin ƙasa ba, wato ya dogara kacokan ga agogunan da ke gabansa.

Malaminmu na wannan darasi tsohon kyaftin ne, ya yi aiki da Nigeria Airways kafin ta durƙushe a 2003. Sa'an mahaifina ne, ko ma ya ɗan girme shi. Ya raba mu uku-uku, kowane rukuni ya miƙa masa rahoton binciken wani hatsari. Ni da wata 'yar Ilori da wani ɗan Gombe muka samu na jirgin dakon kaya na kamfanin UPS mai lamba 1354, wanda hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar a 2014. Rahoto ne mai kauri, amma shafukan ƙarshe, inda masu bincike suka faɗi musabbabi, Kyaftin ya danne su da sitefula ta ko'ina.

"Wanda ya buɗe nan ya faɗi," in ji shi. "Ku ne masu bincike. Ku zo mini da sanadin da kuka gano da kanku."

Ga abin da ya faru a taƙaice. Ranar 14 ga Agustan 2013, jirgi ƙirar Airbus A300-600 ya taso daga Louisville, babbar cibiyar kamfanin a jihar Kentucky, zuwa Birmingham ta jihar Alabama. Ba Birmingham ta Ingila ba, wannan ta Amurka ce. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Mutum biyu ne kawai a ciki, kyaftin namiji mai shekara 58 da mataimakiyarsa mai shekara 37. Da misalin ƙarfe 4:47 na asuba jirgin ya daki bishiyoyi, sannan ya daki ƙasa kimanin ƙafa 3,300 kafin bakin titi mai lamba 18, ya kama da wuta. Dukansu biyu suka mutu. Injuna lafiya lau suke, babu hadari mai tsawa, mai bai ƙare ba. Wannan shi ya fara ɗaure mana kai, domin mun saba jin cewa jirgi ba ya faɗuwa sai wani abu ya lalace.

Aikin farko shi ne zane. Na sayo manyan kwalaye farare biyu a Samaru muka haɗa su da salatif, muka shimfiɗa a ƙasan ɗakin karatu. Muka ja layin ƙasa, muka sa titi a hannun dama, sannan da baƙin biro muka zana hanyar da taswira ta ce jirgi ya bi yana gangarowa. Da jan biro kuma muka riƙa ɗiga inda jirgin yake a zahiri, daƙiƙa bayan daƙiƙa, daga bayanan da aka ciro a baƙin akwati.

Kafin a kai ga zanen ma sai da muka fahimci dalilin da ya kai su titi na 18. Babban titin filin, 6/24, shi ne mai na'urar ILS, wadda ke nuna wa matuƙi hagu da dama, ta kuma nuna masa ko ya yi sama da yawa ko ƙasa da yawa, har ya kusan taɓa kwalta. A daren an rufe shi don gyara daga ƙarfe 4:00 zuwa 5:00, kuma an sa hakan a sanarwar matuƙa. Titi na 18 ya fi gajarta, na'urarsa hagu da dama kawai take nunawa. Batun tsayi ya rage ga matuƙi da kwamfutar jirginsa. 'Yar Ilori ce ta fara lura da agogo, ta ce mu duba: minti 13 kacal ya rage a buɗe babban titin. Muka yi shiru muna kallon juna.

A irin wannan sauka akwai wani tsayi da taswira ke gindayawa, wanda ba a wuce shi ƙasa sai an ga titi ko fitilunsa da ido. A nan ƙafa 1,200 ne daga doron teku. Filin kansa yana kan kimanin ƙafa 650, ke nan tsakanin wannan layi da ƙasa akwai wajen ƙafa 550. Mu 'yan Zariya wannan lissafi ba baƙo ba ne gare mu, don jirginmu yana ajiye a ƙasa ma'aunin tsayi ke nuna sama da ƙafa 2,000, saboda garin a kan tudu yake. Kullum sai ka riƙe lamba biyu a ka, abin da agogo ya nuna da abin da ya rage tsakaninka da ƙasa.

Matuƙan sun shirya kwamfuta ce za ta zana musu gangara mai laushi har bakin titi, otofailot, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, ya bi. Dabara ce mai kyau, ita ma ake so. Sai dai lokacin da hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage ta karkata su don su shiga layin titi, ba a share tsohon umarnin da ke cikin kwamfutar ba, wanda ya ce a nufi tsakiyar filin kai tsaye. Sai kwamfuta ta riƙa lissafi da hanyar da ba ita jirgin ke bi ba, gangarar da ake jira ta ƙi kamawa. Alamun matsalar suna kan allo a gabansu, babu wanda ya tsinkaye su. Suka wuce wurin fara gangara suna kan ƙafa 2,500 maimakon 2,300. Da kyaftin ya ga jirgi bai fara sauka ba, kuma a ransa yana ganin sun yi sama da yawa, sai ya canja tsari ya murɗa maɓallin da ke sa jirgi ya sauka da gudun da ka zaɓa. Bai gaya wa mataimakiyarsa ba, ita ce ta lura daga baya. Ya fara da ƙafa 700 a minti, ya ƙara, ya ƙara, har ya kai 1,500.

A nan jan biro ya fara rabuwa da baƙi. Akwai ɗan lissafin ka da ake koya mana: ka ninka gudun jirgi sau biyar, ka samu kimanin gudun saukar da ya dace. Jirgi mai tafiya 140 zai sauka da wajen ƙafa 700 a minti. Su suna yin ninki biyu na haka. Dokar kamfaninsu ta ce idan aka rage ƙafa 1,000 da ƙasa, saukar da ta wuce ƙafa 1,000 a minti ba daidaitacciya ba ce, a fasa a tashi sama a sake zagayowa. Na ɗauko kalkuleta na raba 1,500 gida 60, ta ba ni ƙafa 25 a kowace daƙiƙa. Na raba 550 da 25. Daƙiƙa 22. Iyakar abin da ke tsakanin layin da bai kamata su wuce ba da ƙasa ke nan. Na rubuta lambar da manyan baƙaƙe a kusurwar kwalin.

Jan layi ya ratsa ƙafa 1,200 bai ko lanƙwasa ba. Mataimakiyar ta yi kiran da ke sanar da cewa saura ƙafa 1,000 tsakaninsu da ƙasa, amma kiran da ke cewa an kusa layi, da wanda ke cewa an iso layi, ba ta yi su ba. Me ya sa matuƙa biyu masu dubban awoyi a sama za su wuce layin da ko mu 'yan koyo mun haddace? Amsar da muka tono tana cikin rahoton yanayi. An gaya musu gajimare yana ƙafa 1,000 sama da ƙasa, don haka suna sa ran tun kafin su kai layi za su fito fili su ga fitilun gari. Akwai ƙarin bayani a ƙasan rahoton asali da ke cewa gajimaren yana hawa yana sauka, har yakan yi ƙasa zuwa ƙafa 600, amma wannan ƙarin bai iso gare su ba. A hanyar da suka bi ma gajimaren ya fi haka ƙasa, wajen ƙafa 350. Idanunsu na waje suna jiran ƙasar da aka yi musu alkawari, agogo kuwa na ta juyawa babu mai kallonsa.

Abu na gaba da Kyaftin ya sa mu yi shi ne wanda har yau ba na son tunawa. Ya ce mu karanta rubutacciyar hirar da na'urar naɗar murya ta ɗauka, da ƙarfi, a gaban aji, kowa ya ɗauki bakin mutum ɗaya. Ni na zama kyaftin, 'yar Ilori mataimakiya, ɗan Gombe ya zama hasumiya da ƙararrawar jirgi. Farkon hirar tun suna ƙasa a Louisville ne, suna ƙorafi kan sabuwar dokar hutun matuƙa da Amurka ta yi, wadda za ta fara aiki a farkon 2014 amma ta ware matuƙan jiragen kaya. Matar ta ce da agogo ya tashe ta, ji ta yi gajiya ta rufe ta. Hira ce irin ta abokan aiki, har da raha. Kana karantawa kana sane da cewa saura musu awa guda da 'yan mintoci a duniya.

Da muka zo ƙarshe, ɗan Gombe ya karanta gargaɗin na'ura cewa jirgi na nutsewa da sauri. Rubutun ya nuna kyaftin ɗin jirgin ya ɗan rage gudun saukar. Na karanta inda ya ce ya hango titi, da inda ya ce zai cire otofailot. Layi na gaba ƙarar bishiyoyi ce. Sannan na karanta inda yake tambaya ko wani abu ya buga. Sai bayan an daki bishiyoyin na'ura ta yi gargaɗin cewa sun yi ƙasa da yawa. 'Yar Ilori ba ta iya karanta layinta na ƙarshe ba, ta ajiye takardar kan benci.

Ɗan Gombe ya nisa ya ce, "Kyaftin, ai wannan ajali ne ya yi kira."

"Ajali gaskiya ne, yarona, babu musulmin da zai musa," in ji shi. "Amma a fam ɗin bincike ba a bar masa gurbi ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ku nemo mini sanadi."

A ranar ne ya ba mu labarin jirginsu na kaya da ya faɗi a nan kusa da mu. Ranar 19 ga Disamban 1994, Boeing 707 na Nigeria Airways ya taso daga Jidda zai sauka Kano, hayaƙi ya turnuƙe shi, ya faɗa cikin fadama a yankin Kirikasamma wajen Haɗeja. Mutum uku cikin biyar suka rasu. Bincike ya danganta abin da wani abu mai haifar da zafi da aka ɓoye cikin dilar yadudduka. Ya tambaye mu wa ya taɓa jin labarin. Mu 'yan Arewa da ke ajin, babu ko ɗaya. Ya ce haka hatsarin jirgin kaya yake, mutum biyu ko uku ne, tsakar dare ne, ba a yin zaman makoki na ƙasa. Matuƙin jirgin kaya ɗan'uwan direban tirela ne da kake jin ƙugin motarsa ta Kwangila ƙarfe uku na dare: kowa na cin moriyar kayan da ya ɗauko, ba mai tambayar yaushe rabonsa da barci. Ƙarfe 4:47 kuwa lokacin da ake kiran assalatu ne a nan, lokacin da jikin ɗan Adam ya fi kowane lokaci neman shimfiɗa.

Sai aka zo ɓangaren simuleta, ɗan ɗakin nan mai kujeru biyu da agoguna da allo da ke kwaikwayon jirgi. Mun ɗauka kowa zai tuƙa ne a auna hannunsa. Ashe ba haka ya shirya ba. Shi ya zauna kujerar hagu ya riƙe tuƙi, mu kuma ɗaya bayan ɗaya a kujerar dama, aikinmu sa ido da yin kira. Ya sa dare, ya sa gajimare ƙasa-ƙasa. Kiraye-kirayen cikin jirgi duk da Turanci ake yin su, gajeru ne ƙayyadaddu, mun haddace su tun tuni.

Ɗan Gombe ne ya fara, ni ina tsaye a baya. Tun daga nesa Kyaftin ya soma jan sa da hira da Hausa, yana tambayarsa lafiyar mahaifinsa, da farashin masara a kasuwar Giwa, da ko an yi masa mata a gida. Yaro ya saki jiki yana dariya. Ina kallo allurar gudun sauka ta fara zamewa, 800, 1,000, 1,300. Abokina ya gani, na ga kansa ya juya wajen agogon. Ya ɗan muskuta, ya gyara murya.

"Kyaftin, ranka ya daɗe, ina ganin kamar mun ɗan yi..."

Allon ya yi ja. Bai kai ƙarshen maganarsa ba.

Kyaftin bai yi faɗa ba. Ya ce masa ya maimaita abin da ya faɗa, ni kuma in duba agogon hannuna. Daga gyaran murya zuwa inda ya tsaya, daƙiƙa shida. "Sau 25," in ji shi. "Ladabinka ya ci ƙafa 150." Sannan ya ce mahaifin yaron ya yi tarbiyya mai kyau, Allah ya saka masa, amma a bar ta a bakin ƙofar jirgi, idan an sauka lafiya a ɗauka.

Rahoton Birmingham bai ce kunya ko tsoron na gaba ne ya rufe bakin mataimakiyar ba, kuma Kyaftin da kansa ya jaddada mana haka. Ita gajiya ce da ruɗanin canjin tsarin da ba a sanar da ita ba, da kuma jiran ƙasar da ba ta bayyana ba. Abin da yake nufi shi ne kujerar dama ta yi shiru a lokacin da ake buƙatar muryarta, kuma shi ya san abin da zai fi saurin rufe bakin yaron da ya tashi a Tudun Wada ko cikin birni, inda ba a katse babba, ba a ɗaga masa murya, ba a ma kallon tsakiyar idonsa.

Da layi ya zo kaina na shiga da shirin kama shi a gudun sauka. Sai ya tuƙa tsaf, allura ba ta ko motsa daga inda ya kamata ba. Na yi kiran ƙafa 1,000, ya amsa. Na yi kiran saura ƙafa 100 a kai layi, ya amsa. Na yi kiran layi. Na ɗaga kai, allon baƙi ƙirin, babu fitila ko ɗaya. Na ce a fasa sauka.

Ya ce da Hausa, a hankali, yadda uba ke lallashin ɗansa, "Haba, bari mu ɗan leƙa ƙafa hamsin, na san filin nan kamar tafin hannuna."

Na sake cewa a fasa, da ƙarfi. Bai amsa ba, jirgi na ci gaba da sauka. Abin da aka koya mana shi ne idan ka kira sau biyu babu amsa kuma babu gyara, ka ɗauka na kusa da kai ba ya cikin hayyacinsa, ka karɓi jirgi. Hannunsa na dama yana kan sandunan mai. Na ɗora nawa a kai, na ji ƙashin yatsunsa da zoben azurfarsa a tafina, na tura gaba har ƙarshe ina faɗin jirgi ya dawo hannuna. Na ja hanci sama, na rage filafan fukafukai, da na ga allura ta nuna muna hawa na ɗage tayoyi. Ma'aunin da ke auna tazara da ƙasa ya daina raguwa ya fara ƙaruwa. Rigata ta jiƙe sharkaf duk da sanyin da ake yi. Ban taɓa ture hannun dattijo ba a rayuwata sai ranar, kuma ko da na san wasa ne na na'ura, sai da cikina ya ɗuri ruwa. Shi kuwa cewa kawai ya yi, "Na gaba," ya sa hannu a littafina.

'Yar Ilori ta fi mu duka. Tun a kiran farko ta ɗaga muryar da sai da na waje suka leƙo.

Ranar gabatarwa muka manna kwalinmu a allo muka jera abin da muka gano, sannan ya ba ni abin cire sitefula na buɗe shafukan. Hukumar ta ce musabbabi shi ne ci gaba da saukar da ba ta daidaita ba, da rashin sa ido kan tsayi. Ta lissafo abubuwa shida da suka taimaka, kuma biyar daga ciki suna kan kwalinmu: kwamfutar da ba a saita daidai ba, shirun kyaftin lokacin da ya canja tsari, rahoton yanayi mai giɓi, kiran da ba a yi ba, da gajiyar mataimakiya. Wanda ya kuɓuce mana shi ne batun shi kyaftin ɗin kansa, wanda suka ce rauninsa a daren ya yi kama da raunin da aka taɓa gani a tarihin horonsa. Mun karanta wannan shafi amma muka ɗauke shi tsohon zance. Mun kuma tarar sun yi maganar manhajar na'urar gargaɗi, cewa da sabuwa ce a jirgin da ta yi ihu 'yan daƙiƙu kafin lokacin da ta yi.

Wuri ɗaya ne na yi gardama. Rahoton ya ɗora gajiyar matar a kan yadda ta yi amfani da lokacin hutunta, kuma akwai hujja, don an bi sawun wayarta da fitarta an ga ta samu damar barci ba ta yi shi yadda ya kamata ba. Na yarda da wannan. Amma na ce duk wanda ya taɓa ƙoƙarin yin barci da rana tsaka alhali duniya na farke ya san ba maɓalli ba ne da ake dannawa, kuma dokar da ta ce matuƙin fasinja ya huta ta bar na kaya ba ta yi adalci ba, tunda sama ɗaya suke bi, kuma unguwanni ɗaya suke ratsawa. A Janairun 2017 wani Boeing 747 na kaya ya faɗa kan gidaje kusa da filin jirgin Bishkek a ƙasar Kirgistan yana ƙoƙarin sauka cikin hazo, ma'aikatansa huɗu suka mutu, mutum 35 kuma a ƙasa. Ɗan Gombe ya ce doka ba za ta kwantar da wanda bai ga dama ba. Muka yi ta ja har lokaci ya ƙure, Kyaftin bai raba mana gardamar ba.

Ya karɓi kwalin ya naɗe ya ce zai ajiye wa 'yan bayanmu. Rukuni na biyu su ne da gabatarwa washegari, nasu kuma na gida ne: Boeing 747 na kamfanin MK Airlines da ya daki ƙasa kafin titi a Fatakwal a Nuwamban 2001, mutum ɗaya ya rasu. Mu aka sa mu yi musu tambayoyi, don haka daga aji ɗakin karatu muka wuce muka karɓi kwafin nasu rahoton.